Wai Ina Ruwanmu da Karnukan Alaska?

Ƴan uwa, wannan rubutu martani ne, kuma ba zan ɓoye muku ba, da zafin rai na fara shi. A zamanmu na ƙarshe an kawo shawarar cewa daga yanzu kada a ƙara saka wani littafi cikin jerin karatun ƙungiya sai wanda "ya shafe mu". Kowa ya san abin da ya jawo maganar: littafin nan mai yagaggen bango da na saya jikka ɗaya wajen masu kasa tsofaffin littattafai a ƙasa a Yamai, wato Winterdance na Gary Paulsen. Wata biyu ya yi yana yawo hannu-hannu tare da kayen da muka saba haɗawa da kowane littafi don mai karatu ya rubuta ra'ayinsa. Babi huɗu muka fassara da Hausa muka yi fotokopi saboda waɗanda Ingilishinsu bai nuna ba. Kayen ya dawo hannuna makon jiya, na karanta shi sau uku. Mutum goma sha ɗaya suka yi rubutu a ciki, kuma daga abin da suka rubuta na gane cewa waɗanda suka kai ƙarshen littafin ba su wuce huɗu ba. Amma dukansu sun yanke hukunci.

Ga wanda littafin bai kai gare shi ba, ga abin da ke ciki a taƙaice. Paulsen marubuci ne Ba'amurke, ya rasu a 2021. Ya taɓa zama a dajin arewacin jihar Minesota cikin rashi, yana ɗana wa dabbobi tarko, har ya samu ƴan karnuka masu jan amalanken ƙanƙara, wato amalanke marar ƙafa da ke sulɓi bisa dusar ƙanƙara. Abin ya shige shi kamar ciwo. Ya ƙudurta sai ya shiga Iditarod, tseren da ake yi kowace shekara cikin watan Maris a Alaska, daga birnin Ankorej zuwa garin Nom a bakin tekun Bering, tafiyar wajen kilomita 1600. Ko daga Yamai zuwa Diffa bai kai haka ba. Mutum ɗaya ne tsaye a bayan amalanke, karnuka goma sha wani abu a gaba, dare da rana, a ƙetare duwatsu, a bi kan kogin Yukon da ya daskare, a bi gaɓar teku, cikin sanyin da kan kai digiri 40 ƙasa da sifili. An fara tseren a 1973, kuma wanda ya fara cinye shi, Dick Wilmarth, kwana 20 ya yi a hanya. Paulsen ya shiga a 1983, ya isa Nom bayan kwana 17, can baya-baya. Littafin ya fito a 1994. Rabinsa labarin shiri ne da shirme: yadda karnuka suka yi ta jan shi a ƙasa, yadda ya ɓata cikin gari tun ranar farko. Sauran rabin labarin hanya ne. A ƙarshe likita ya gaya masa yana da ciwon zuciya, dole ya rabu da karnukan.

To, yanzu ga ra'ayoyin, ɗaya bayan ɗaya.

Na farko shi ne mafi gajarta. Wani ɗan uwa ya rubuta layi ɗaya tak, cewa shi ba zai ɓata lokacinsa a kan labarin mutumin da ke kwana cikin najasa ba. Mutum biyu suka sa hannu ƙarƙashinsa kamar takardar koke. Ni ba malami ba ne, amma na zauna a zaure kamar yadda kuka zauna. A mazhabarmu ta Malikiyya ana ɗaukar kowane mai rai tsarkakakke, har da kare, kuma wanke ƙwaryar da ya lasa sau bakwai malamanmu sun ɗauke shi bin umarni ne. Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo. Cikin Suratul Kahfi akwai kare a bakin kogo tare da samarin. Hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi ƴan firamare ma sun san shi. Gaskiya ne akwai hani a kan ajiye kare ba da dalili ba, kuma an ware na farauta da na kiwo da na gona. To karen da ke jan kaya a ƙasar da jaki ba zai kai safe ba, a wane ɓangare ya fi kusa ya faɗa? Wannan tambaya ce ta malamai, a kai musu. Abin da nake cewa kawai, ɗan uwa, kada ka jingina wa addini ƙyamar da ba daga can ka ɗauko ta ba.

Daga ina ka ɗauko ta? Daga bakinmu. Ku duba inda kalmar kare ke zaune cikin Hausa. Ɗan kare zagi ne. Wanda ya yi ɓarna ba mai tsawata masa, mu ce yana cin karensa ba babbaka. Wanda ke jin haushin abin da ya fi ƙarfinsa, mu ce kare ka mutu da haushin kura. An sayar da kare an sayi biri, tsugune ba ta ƙare ba. Kusan duk inda ya fito, ko dai abin raini ne ko abin tausayi. Yaro ya tashi da waɗannan kafin ya taɓa kallon idon kare. Shi ya sa da ya ga kalmar a shafin farko sai harshen ya karanta masa littafin, shi kuma ya rufe. A darasin karin sauti mun sha wasa da kalmomi uku: kare dabba, kare na tsarewa, da ƙare na gamawa. Bambancinsu tsawon wasali ne da karin murya da ƙugiyar baƙi ɗaya. Ɗan uwanmu ya ga na farko, ya yi na biyu, bai yi na uku ba.

Kuma kada mu yi kamar dukan ƙasar nan haka take. Ku tambayi ƴan uwanmu na Tawa labarin karen Azawak, dogon nan siriri da Buzaye ke kiwo, wanda yau Turawa ke saye da tsada suna kai shi gasar nuna karnuka. Ku tambayi mafarautan garinku ko karnukansu ba su da suna. Sanin kare yana nan cikinmu, mu ƴan lakkol ne muka yi nesa da shi.

Ra'ayi na biyu ya fi na farko ƙoƙari, don mai shi ya karanta. Ya ce littafin ƙarya ce aka jera. Wai ta yaya mutum zai gamu da bodari har sau da yawa cikin dare ɗaya, kowanne ya fesa masa wari, har matarsa ta tura shi ya kwana wajen karnuka? Wai wa ya taɓa ganin ɓauna suna bin layi suna wasan sulɓi a kan tafkin da ya daskare? Ya rufe da cewa in labarin rayuwa ne a faɗi gaskiya, in tatsuniya ce a fara da ga ta nan ga ta nanku.

Ban rantse a kan kowane shafi ba. Paulsen mai ba da labari ne, kuma mai ba da labari yana ƙara gishiri. Amma ku lura da inda yake zuba gishirin. Mai ƙarya don neman suna kansa yake ɗagawa. Shi wannan kansa yake kayarwa: shi ne wawan, shi ne wanda ya canja karen da ke ja gaba a daidai lokacin tashi, ya bar Cookie da ya sani ya sa wani, aka kwashe shi aka bi ta bayan gidajen mutane. Mun san irin wannan magana a fada, lokacin da mutum ke ba da labarin yadda kabu-kabu ya zubar da shi gaban gidan surukai. Ba wanda ke tambayarsa shaida. Kuma da ya zo kan abin da ba na dariya ba, sai muryar ta sauya, gishirin ya ragu. Mai karatu da bai ji wannan sauyin ba, kunnensa ne ke da aiki a gaba.

Sa'an nan abubuwan da suka fi kama da ƙarya su ne aka fi samun shaidarsu a wajen littafin. Ya ba da labarin wata dabba da ake kira mus, mai siffar barewa amma ta fi doki girma, da ke afka wa karnuka a kan hanya. A 1985 irin wannan dabba ta kashe wa Susan Butcher karnuka biyu, dole ta janye daga tseren. A shekarar ce Libby Riddles ta zama mace ta farko da ta ci, ita kuma Butcher ta dawo ta ci sau huɗu tsakanin 1986 da 1990. A 2024 Dallas Seavey ya harbe wata da ta raunata masa kare, kuma aka ci shi tarar awa biyu saboda bai feɗe ta yadda dokar tseren ta ce ba, don naman ba a barin shi ya lalace. Da Paulsen ne ya rubuta wannan, da kun ce ya ƙirƙira. Maganar ganin mutanen da babu su a hanya kuwa, duk wanda ya yi kwana uku ba barci lokacin jarrabawa ya ɗanɗana kaɗan daga ciki.

Ra'ayi na uku shi ne wanda ya hana ni barci, kuma shi kaɗai nake girmamawa cikin masu suka. Wata ƴar uwa mai karatun kiwon dabbobi ta cika shafi biyu. Ta ce ta karanta har ƙarshe, ta yi dariya inda ake dariya, amma tambaya ɗaya ba ta bar ta ba: mutumin shi ya zaɓi wahala, su karnukan wa ya tambaye su? Ta ce duk inda marubuci ya ce dabba tana son abin da ake sa ta, a tuna cewa shi ke riƙe da bik, ita dabbar ba ta rubuta komai ba.

Ƴar uwa, kin yi gaskiya, kuma ba zan kauce ba. Karnuka suna mutuwa a wannan tsere. A 2024 guda uku suka mutu a kan hanya. Ƙungiyar kare hakkin dabbobi ta PETA ta daɗe tana neman a soke shi, kuma manyan kamfanoni da dama sun janye kuɗinsu. Karen da ke wannan gudu yana ƙone abincin da ya kai kalori 10,000 a rana, ninki huɗu na abin da ƙaton namiji ke bukata, alhali nauyinsa bai kai rabin buhun siminti da ɗan ƙari ba. Akwai ciwon ciki, akwai ciwon huhu, akwai tsagewar ƙafa. A yau masu nasara kan isa cikin kwana 8 zuwa 10, rabin lokacin Wilmarth, kuma ba mutanen ne ke gudun ba.

Masu kare tseren su ma suna da abin faɗi. Akwai likitocin dabbobi a kowane zango. Akwai hutun dole na awa 24, da wasu biyu na awa takwas-takwas. Ana sa wa karnuka ƴan takalman ƙyalle. Karen da ya gaji ko ya ji rauni ana barin shi a zango a mai da shi da jirgi, kuma ba a sa wani a madadinsa, don haka wanda ya gajiyar da karnukansa kansa ya cuta. Akwai kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina a matsayina na ɗalibin harshe: babu linzami. Mai amalanke yana tsaye can baya, tsakaninsa da karen gaba tazara mai yawa, kuma da murya kaɗai yake juya su. Kalma ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu, ɗaya ta tashi, ɗaya ta tsayawa. In suka ƙi, sun ƙi. An sha ganin karnuka sun kwanta a tsakiyar hanya sun ƙi motsi, mai su ya rasa tseren yana kallo. Wannan ba amsa ce cikakkiya ga tambayarki ba, don dabbar da aka haifa aka horar domin gudu tana iya gudu har ta cuci kanta, kuma nauyin tsayar da ita yana kan mutum. Amma ya nuna akwai wani irin "a'a" da suke iya faɗi, kuma ana jin shi.

Ga inda na rabu da ke. Kin rufe da cewa saboda haka bai kamata mu yaɗa littafin ba. To daga ina kika samo hujjarki mafi ƙarfi? Daga littafin. Paulsen ne da kansa ya ba da labarin mutumin da ya gani a hanya yana harbin karensa da ƙafa har ya mutu, shi ne kuma ya kai ƙara. Bai ɓoye ba, bai yi masa ado ba. Littafin da ya miƙa miki sandar da za ki doke shi da ita, ba shi ne za a ɓoye wa mutane ba. Da aka bi shawarar da ake kawowa yanzu, da ba ki taɓa rubuta waɗannan shafuka biyu ba, kuma su ne mafi kyawun abin da ke cikin kayen.

Akwai wani da ya biyo bayanki ya rubuta "zalunci" da manyan baƙaƙe, ya ja layi uku. Shi ba na ba shi amsar da na ba ki. Ina dai tambayarsa: jakin da ke kawo mana ruwa a unguwa, mai gyambo a gadon baya, ka taɓa rubuta masa layi ɗaya? Ban ce laifinmu ya wanke nasu ba. Na ce tausayin da ba ya tashi sai a kan dabbar da ke nesa da kilomita dubbai, mai sauƙi ne, don ba ya sa ka faɗa da kowa a layinku. Ƴar uwarmu aƙalla ta ambaci jakin da kanta.

Kada masu yabo su ɗauka sun tsira. Mutum uku sun rubuta cewa littafin ya koya musu juriya, wai mutum in ya sa kansa babu abin da zai gagare shi. Wallahi wannan karatu ya fi na masu suka ba ni haushi. Ina juriyar da ta isa ita kaɗai? Mutumin da kansa ya nuna cewa sau da yawa karya ce, wato Cookie, ta san hanya shi bai sani ba. Maƙwabta ne suka tara masa kuɗi da kaya. Mutanen ƙauyuka ne suka buɗe masa ƙofa. Kun karanta labarin mutumin da ya koyi cewa shi ba kowa ba ne in babu wasu, kun fito da darasin da ake bugawa a jikin riga.

Kuma akwai abin da ku masu yabo ba ku tambaya ba, wanda shi ne nawa sukan ga littafin. Hanyar nan ta wa ce? Sunan Iditarod kansa daga harsunan Atabaskan ya fito, ana fassara shi da wuri mai nisa. Ƙauyukan da ake ratsawa na Atabaskan ne da Inupiyak da Yupik, mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru suna tafiya da karnuka kafin wani Bature ya taka ƙasar. A 1925, da cutar maƙarau ta ɓarke a Nom, masu amalanke 20 da karnuka wajen 150 suka yi karɓa-karɓa da magani daga Nenana, sama da kilomita 1000 cikin kwana biyar da rabi. Mafi yawansu ƴan asalin ƙasar ne. Amma wanda aka yi wa mutum-mutumi a birnin New York shi ne Balto, karen da ya yi zangon ƙarshe, kuma ko cikin karnukan ma Togo na Leonhard Seppala ne ya yi tafiya mafi tsawo da haɗari. Da babur ɗin ƙanƙara ya shigo ƙauyuka a shekarun 1960, karnuka suka fara ɓacewa, wannan na cikin abin da ya sa Joe Redington ya tsaya aka kafa tseren. Carl Huntington da ya ci a 1974 da Emmitt Peters da ya ci a 1975 duk Atabaskan ne. John Baker, Inupiyak, ya ci a 2011, Pete Kaiser, Yupik, ya ci a 2019. Littafin Paulsen bai tsaya a kan wannan tarihi ba. Na fito daga cikinsa na san halin karnukansa ɗaya bayan ɗaya, amma mutanen ƙauyukan sun wuce ni kamar fitilu a bakin hanya.

Mu ya kamata mu fi kowa saurin ganin wannan. Mun san yadda baƙo ke zuwa ya bi ayarin gishiri daga Agadas zuwa Bilma, ya koma ya rubuta littafin yadda "ya ƙetare Tenere", madugun da ya san taurari da rijiyoyi ya samu layi biyu. In akwai inda littafin nan ya shafe mu kai tsaye, to a nan ne, kuma ba wanda ya rubuta shi cikin kayen, har da masu cewa sai abin da ya shafe mu.

Ɗaya daga cikin masu yabon ya ƙara da cewa ai Eskimo suna da kalmomi ɗari na dusar ƙanƙara. Don Allah mu daina yaɗa wannan. Franz Boas a 1911 misalai huɗu ya kawo, daga nan aka yi ta ƙara adadi daga littafi zuwa jarida. Laura Martin ta bi diddigin abin a 1986, Geoffrey Pullum ya biyo baya ya yi masa dariya. Harsunan nan suna ɗora ɗafe-ɗafe a kan saiwa ɗaya har kalma guda ta zama jimla, don haka ƙirga "kalmomi" a cikinsu ba ya nufin abin da kuke zato. Mu ma muna da yayyafi da marka da mamako, ba wanda ya ce mun fi kowa ganin ruwa.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya sa na ɗauki bik tun farko. Ku tuna daren da muka zauna fassara babi na farko. Mun yi kusan awa ɗaya a kan kalma ɗaya, domin ƙanƙara a wajenmu ita ce wadda ake saye a leda lokacin azumi, ita ce wadda ke faɗowa daga sama ta ɓata gero, ita ce kuma farar da muke gani a fim. Marubucin yana bambanta mai laushi kamar gari da mai tauri kamar dutse da wadda ke rufe bisa kogi, kuma rayuwarsa ta rataya a kan wannan bambanci. Dole muka nemo: dusa, daskararren ruwa, ɓawon kogi. Karen gaba muka ce masa ja-gaba, wani ya ce madugu ya fi, aka yi ta musu har shayi ya huce. Sunan mai tuƙa amalanken kuma, da Ingilishi musher, sai da muka bincika muka gano daga Faransanci ya fito, daga marche da Faransawan Kanada ke ce wa karnukansu, Ingilishi ya tauna shi ya mai da shi mush. Muka yi dariya don mu ma haka muka tauna monsieur ya zama mushe, malamin lakkol, ga kuma ɗaya mushen da ungulu ke ci. A dare ɗaya muka ga yadda aro ke tafiya tsakanin harsuna fiye da yadda muka gani a wata guda na amfi.

Wannan aikin shi ne dalilin kafa ƙungiyar nan. Muna kuka kullum cewa an bar Hausa a gida da kasuwa, cewa da zarar magana ta kai ga kimiyya ko wata ƙasa sai mu tsallaka Faransanci ba mu ma lura ba. To ta yaya za ta fita, in mu masu iƙirarin yi mata aiki muka kafa dokar cewa ba za ta taɓa komai ba sai abin da ta riga ta sani? Harshe yana samun sababbin kalmomi ne a inda ya gamu da abin da ba shi da sunansa. Labarin gero da fari da talla da auren dole muna da kalmominsu, kuma za mu ci gaba da rubuta su, ba wanda ya hana. Amma in yaron Tasawa ya so sanin yadda ake rayuwa a inda rana kan yi ƴan awowi kaɗan ta faɗi, ina so ya samu a Hausa, ba sai ya jira ya iya harshen wani ba.

Sa'an nan wa zai riƙe ma'aunin "ya shafe mu"? Yau kare ne. Gobe wani zai ce labarin teku bai shafe mu ba tunda ba mu da teku. Jibi a ce littafin Bajapane, gata a ce na Bayarabe. Mu da muke jin zafi in baƙo ya kalli dambe ko kokowa na minti biyar ya ce dabbanci ne, bai kamata mu kalli bangon littafi na minti biyar mu ce hauka ce ba. Ko da yake, in don hauka ne, marubucin ya riga ku, shi ya sa kalmar a cikin sunan littafinsa.

Don haka ga abin da nake roƙo a zama mai zuwa. A yi watsi da waccan shawara. A madadinta a sa sharuɗɗa biyu. Na ɗaya, duk littafin waje da ya shigo jeri, wanda ya kawo shi zai jagoranci fassara aƙalla babi ɗaya da Hausa. Na biyu, duk wanda zai rubuta ra'ayi cikin kaye ya fara da faɗin shafin da ya tsaya. Ba kunya ba ce mutum ya ce na tsaya a shafi na 12, na ƙosa. Sai dai mu san nauyin da za mu ba maganarsa.

Ni dai har yanzu ban gama yanke hukunci a kan tseren ba. Wasu ranakun ina tare da ƴar uwarmu, ina ganin tazarar da saurin sun wuce abin da ya kamata a ɗora wa dabba. Wasu ranakun ina tuna cewa in aka soke shi, abin da zai rage a waɗancan ƙauyuka shi ne ƙarar injin. Littafin yana wajena, shafi biyu sun fita amma na liƙe su. Wanda ke so ya same ni bayan la'asar, kayen ma akwai sauran wuri a ciki.